Ina gero yake samo abincinsa, kuma ina ƙarfin yake tafiya bayan an ci shi?

Ɗalibi, unguwar Birni:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina shirin jarrabawa, kuma akwai darasin muhalli da ya ƙi zauna mini a kai. Littafi ya ce tsiro shi ke haɗa abincinsa da kansa ta hanyar hasken rana. To in haka ne, me ya sa manoma ke cewa gona ta ji yunwa, a kai mata taki? Takin abinci ne ko ba abinci ba ne? Na biyu, an ce a jerin wa-ke-cin-wa, kashi 10 cikin 100 kaɗai na makamashi ke wucewa daga mataki zuwa na gaba. Sauran kashi 90 ina suke zuwa, tunda an koya mana makamashi ba ya ɓata? Sannan gara da ungulu da ƙuduji, a wane layi zan sa su, masu haɗa abinci, masu ci ko masu ruɓarwa? Don Allah a ba ni misali da abin da muke gani nan Damagaram, ba da dabbobin da ban taɓa gani ba. Na gode.

Malamin kimiyya, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta farko ita ce tushen darasin, saboda haka a kanta zan daɗe.

Ka ɗauki busasshen karan gero kilo 10 ka ƙona shi ƙurmus, ka auna tokar. Da wuya ta kai kilo ɗaya. Wannan tokar ita ce kusan duk abin da geron ya ɗauka daga ƙasa, in ka cire sinadarin azot, wato naitirojin, wanda shi ya bi hayaƙi. Sauran kilo 9 da ƴan kai daga iska da ruwa suka fito. Kusan kashi 45 cikin 100 na busasshen tsiro kabon ne, kuma kabon ɗin ba ta saiwa ya shiga ba, ta ganye ya shiga, daga iskar kabon da ke cikin sararin da muke shaƙa, duk da cewa ba ta wuce kashi 0.04 cikin 100 na iskar ba.

An daɗe da lura da hakan. Wani masani ɗan Buraksel, van Helmont, ya shuka reshen itace mai nauyin kusan kilo 2.3 a cikin ƙasa busasshiya kilo 91, bai ƙara masa komai ba sai ruwa har shekara 5. Itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa giram 57 ko makamancin haka kawai ta ragu. An buga sakamakon a 1648. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itacen. Rabon iska sai daga baya aka gano shi.

Ga yadda aikin yake. A jikin ganye akwai ƴan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga. Ruwa na hawowa daga saiwa. Koren sinadarin ganye, kulorofil, yana kama hasken rana, ya yi amfani da ƙarfinsa ya fasa ruwan. Oksijin ya fita waje, sauran ya haɗu da kabon ya zama sukari. A rubuce: 6CO2 + 6H2O + haske → C6H12O6 + 6O2, wato iskar kabon da ruwa da haske su ba da sukari da oksijin. Daga sukarin nan ake gina sitatin da ke cikin tsaba, da zaren da ke riƙe kara a tsaye. Sukarin shi ne abincin tsiro, domin a cikinsa makamashin yake. Taki ba ya ba tsiro makamashi ko kaɗan. Abin da yake bayarwa azot ne da fosfor da fotas da wasu ƴan ma'adinai, waɗanda in babu su ba a iya gina kulorofil ɗin kansa da furotin. Matsayinsa kamar na gishiri da daddawa ne a miya: ba su ke cika tukunya ba, amma in babu su ba a yi miya ba. Don haka manomin da ya ce gona ta ji yunwa bai yi kuskure ba a aikace. Ganyen da ya rasa azot yana yin ɗorawa, yana farawa daga tsofaffin ganyayen ƙasa, kuma ganye mai ɗorawa ba ya kama haske yadda ya kamata.

Bari mu yi lissafi da gona. A yankinmu kowane murabba'in mita yana samun hasken rana kusan megajul 21 a yini (megajul ma'aunin makamashi ne). Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ne. A kwana 90 na rayuwar gero, hasken da ya sauka a hektar ya kai kusan megajul miliyan 19. Mu ɗauka gonar ta ba da tsaba kilo 500, kara da ganye da saiwa kilo 2,000, jimilla 2,500. Kilo ɗaya na busasshen tsiro yana ɗauke da kusan megajul 18, wato 45,000 gaba ɗaya. In ka raba, za ka ga bai kai kashi ɗaya cikin 400 na hasken ba. Ina sauran? A makonnin farko galibin hasken a kan rairayi yake sauka, domin ganye bai rufe ƙasa ba. Kusan rabin hasken rana ba irin wanda kulorofil ke iya amfani da shi ba ne. Wani kaso mai yawa yana tafiya wajen busar da ruwa daga ganye. Sannan shi kansa geron yana numfashi dare da rana, yana ƙona kusan rabin sukarin da ya haɗa don ya rayu.

Wannan lissafin na nuna abin da nake so ka riƙe: mu a nan rana ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ke tauye tsiro ruwa ne da ma'adinai. Birnin Damagaram na samun ruwan sama kusan milimita 400 a shekara, cikin wata 3 zuwa 4. Magariya ta fi haka, Tanut ba ta kai ba. Ƙofofin ganyen da iskar kabon ke shiga ta cikinsu, ta nan ruwa ke tserewa. In ƙasa ta bushe, gero yana rufe su, ka ga ganyen ya naɗe da tsakar rana. Ya tsira da ruwansa, amma a wannan lokacin ba ya haɗa komai. Gero da dawa da masara suna da wata dabara ta tara iskar kabon a cikin ganye, masana na kiran su tsirrai C4, shi ya sa da ruwa kusan kilo 300 suke haɗa busasshen tsiro kilo ɗaya, alhali irin su wake da alkama da shinkafa, ƴan C3, kan buƙaci kusan ninki biyu. Ba banza gero ya zama abincin ƙasar nan ba.

A taƙaice ga jarrabawa: masu haɗa abinci su ne korayen tsirrai da gansakuka; masu ci su ne duk wanda ke samun makamashi daga jikin wani; masu ruɓarwa su ne masu farfasa abin da ya mutu har ya koma ma'adinai. Su duka, haɗe da ƙasa da ruwa da iska da zafin wurin, su ne tsarin muhalli guda, ra'ayin da Tansley ɗan Ingila ya fito da shi a 1935. Gonar gero tsari ce, tafki tsari ne. Batun kashi 90 na bar wa masu dabbobi, sun fi ni iya nuna shi.

Ma'aikacin kiwo, Tanut:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙanena, kashi 90 ɗin ba ɓata suke ba, ana iya bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya a jikin saniya.

A lissafin kiwo ana ɗaukar dabba mai kilo 250 a matsayin ma'auni. Tana buƙatar busasshen abinci kilo 6.25 a yini, wato kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta. A wata 9 na rani kusan tan 1.7 ke nan. Wannan kilo 6.25 yana ɗauke da megajul 110 ko kusa da haka. In busasshiyar ciyawa ce ko kara, kusan rabi bai narkewa, yana fita a kashi. Kashin nan har yanzu da makamashinsa, shi ya sa yake kama wuta in ya bushe, kuma shi ya sa buzuzu da gara ke rububinsa. Kashi 6 zuwa 8 cikin 100 suna fita ta gyatsa a matsayin iskar metan. Wani kaɗan ya bi fitsari. Abin da ya rage jiki ya ɗauka, kuma mafi yawansa ana ƙona shi ne don riƙe zafin jiki a kusan digiri 38.5, da bugun zuciya, da tuƙa, da tafiya zuwa rijiya da dawowa. Duk wannan yana ƙarewa a matsayin zafi, ya fita daga jiki ya bi iska, kuma babu tsiro ko dabbar da ke iya tattara zafin nan ta mai da shi abinci. Abin da ya zama nama da kitse da madara shi ne kaɗai mai cin saniyar zai samu.

A nan bambancin yake tsakanin makamashi da ma'adinai, kuma masu jarrabawa suna son tambayarsa. Ma'adinai suna zagayawa: daga ƙasa zuwa ciyawa, zuwa saniya, zuwa kashi, su koma ƙasa. Makamashi ba ya zagayawa. Sau ɗaya yake ratsawa, yana raguwa a kowane mataki, dole kullum rana ta kawo sabo.

Wani abin da littafi ba ya cika faɗa: saniya da kanta ba ta iya narkar da zaren ciyawa. Bakteriya da wasu ƙananan halittu da ke cikin tumbinta su ke ruɓar da shi, ita kuma ta tsotse abin da suka fitar. Su ma suna buƙatar azot. In furotin ɗin abinci ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, aikinsu na yin sanyi, abinci ya daɗe a tumbi, dabbar ta rage ci. Ciyawar ƙarshen rani kan sauka zuwa kashi 2 zuwa 4. Shi ya sa za ka ga sa a watan Mayu cikinsa cike da kara amma tozonsa ya kwanta gefe, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa: yana ƙona kitsen da ya tara a damina ne. Maganinsa ba ƙarin kara ba ne. Harawar wake ko ta gyaɗa kilo ɗaya a yini, ko ƴaƴan gawo, ko dusa, su ke tada halittun tumbin, sai karan da a da yake wucewa a banza ya fara amfani. In za a ba da hatsi ko dusa, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin kwana 10 zuwa 14. In aka zuba wa rago tiya guda ta gero rana ɗaya, tumbin na yin tsami, ya kumbura, yana iya mutuwa.

Game da kashi 10 kuwa, kada ka ɗauke shi doka. Ƙiyasi ne da ya samo asali daga aikin Lindeman na 1942 a kan wani ƙaramin tafki a Amurka, kuma a zahiri yana kaiwa da komowa tsakanin kusan 5 da 20. Dabbobi masu ɗumin jini, irin su tsuntsu da ɓera, suna ƙone kusan duk abin da suka ci. Kifi da ƙwari ba sa kashe makamashi wajen ɗumama jiki, don haka sun fi mai da abinci nama. Amma a matsayin ma'aunin kai-tsaye yana aiki: ciyawa kilo 1,000 ta riƙe fara kilo 100, su riƙe ƙadangaru kilo 10, su kuma shaho kilo ɗaya. Dalilin ke nan da ya sa fara ba ta ƙirguwa amma shaho ɗaya ko biyu za ka gani a sararin gari, kuma dalilin da ya sa jerin ci da wuya ya wuce mataki 4 ko 5. Ka sani kuma a daji ba jeri ɗaya ba ne miƙaƙƙe. Belbela na cin fara, tana cin kwaɗo. Dila na cin ɓera, yana cin magarya da aduwa, yana cin mushe. Zane mai gaskiya saƙa ce mai zare da yawa.

Ungulu mai ci ce, amma ta mushe. Ruwan cikinta mai tsananin tsami ne, yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da ke cikin gawa. Irin wadda aka saba gani a mahauta an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa tun 2015, kuma guba da farauta don sassan jikinta na cikin manyan dalilai. Inda ta ragu, mushe na daɗewa a fili, karnuka da ƙudaje su gaje ta. Wannan asara ce ga makiyayi kafin kowa.

Malamar gona, Matamai:

Sannunku da ƙoƙari Malamai. Ɗana, ni zan ɗauki gara da ƙuduji, domin a gona su ne darasin.

Gara tana cikin masu cin matacce, wato layin masu ruɓarwa. Ita da buzuzu da tana su ke fara farfasa kara da kashi, sannan bakteriya da funfuna su ƙarasa, su saki azot da fosfor a siffar da saiwa ke iya sha. A ƙasa mai damshi funfuna ke yin mafi yawan aikin. A tamu da ke bushewa wata 8 ko 9, gara ce ke ɗauke da nauyin, domin tana aiki ko a tsakiyar rani. Ka ɗaga karan da ya kwana biyu a ƙasa, za ka ga ta lulluɓe shi da siririn rufin laka, cikinsa ya zama fanko, ƙasan kuma duk ƴan ramuka. Ramukan nan su ne hanyar ruwan farko zuwa cikin ƙasa.

Da wannan ake farfaɗo da fako. Ana haƙa tassa, wato ƴan ramukan shuka, a rani, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu biyu, kusan giram 300, a yayyafa ƙasa kaɗan a kai don kada iska ta kwashe. Gara ta zo cin takin ta huda fakon daga ƙasa. Kurakuran da aka fi yi: zuba ɗanyen taki dab da shuka, wanda ke ƙona tsiro, da yin tassa a jigawa mai rairayi, inda ramin ke cikewa da iskar farko. Ta ƙasa mai tauri ce.

Takin rami kuma yana nuna maganar numfashi a fili. Ana jera kara da aka sassara, sannan kashin dabbobi, sannan ɗan toka, ana jiƙa kowane shimfiɗi. Damshin da ake so: in ka matse a hannu ya dunƙule amma ruwa bai zuba ba. Cikin kwana 3 zuwa 5 tsakiyar tarin na kai digiri 55 zuwa 65. Ka soka sanda ka bar ta ɗan lokaci, ka zare ka taɓa, za ka ji zafi. Zafin nan hasken ranar da geron ya kama ne a damina, yanzu masu ruɓarwa ke sakinsa. Ana juyawa duk kwana 15, ya nuna cikin wata 2 zuwa 3. In bai yi zafi ba, ko ya bushe ko kara ya fi kashi yawa. In yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, sai a juya a ƙara busasshen kara.

A nan zan ɗan ja da Malam na Tanut. Karan da ya ce a ba saniya, shi ne dai karan da ƙasa ke jira. Kara ɗaya ne, masu nemansa da yawa: dabba, gara, murhu, mai zana da mai darni. Makamashin da ke cikinsa sau ɗaya ake cinsa. In aka kwashe gona ƙaƙaf kowace shekara ba a mai da taki ba, ma'adinan sun tafi gari ba su dawo ba, kuma iskar bazara ta kwashe saman ƙasa, wanda shi ne mafi albarka. Kusan tan 2 na kara a kwance a hekta yana rage kwasar iska sosai, yana ma tare ƙurar da ta zo daga wani wuri. Na san a shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci ba wanda zai bar tan 2 dabbarsa na ramewa. Abin da ya fi dacewa shi ne tsohuwar yarjejeniyar nan ta manomi da makiyayi: dabbobi su ci karan a cikin gonar su kwana a nan, ana matsar da makwancinsu, kashi da fitsari su zauna inda karan ya fito. Fitsarin ma ya fi kashin azot mai saurin amfani, kuma shi ne ke salwanta in dabba na ɗaure a gida. Ƙona kara kuwa shi ne mafi muni, domin makamashi da azot duk sun bi hayaƙi.

Wani dogon bincike da aka yi a makiyayar Mali, aka buga a 1982, ya nuna cewa a Sahel, inda ruwan sama ya wuce kusan milimita 300, ƙarancin azot da fosfor ya fi ƙarancin ruwa tauye tsiro. Shi ya sa ɗan taki kaɗan ke yin tasiri: giram 2 na takin zamani DAP ko giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami lokacin shuka, wato kilo 20 ko kilo 60 a hekta mai rami 10,000. A sa shi a gefe cikin ƙasa mai damshi, kada ya taɓa irin.

Azot kuwa ya cika iska, kashi 78 cikin 100, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga can. Bakteriyar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da gawo ita ke kamo shi, tsiron kuma ya biya ta da sukari. Ka tumɓuke wake mai kwana 40 a hankali, ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwar, ka fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore ba ya yi. Gawo kuma yana zubar da ganye a damina, ya yi kore a rani, don haka ba ya tare wa gero haske, ganyensa na zuba daidai lokacin da ake buƙatarsa, dabbobi kuma su sha inuwarsa su bar taki. Duk wanda ya bi hanyar Miriya, Matamai da Magariya ya ga yadda manoma suka mai da gonakinsu dajin gawo ta hanyar sassabin zamani, wato barin tsiron da ya fito da kansa a rage masa rassa maimakon a sare shi.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira gaugai, tsiro ne amma a layin masu ci za ka sa shi, ɓangaren masu rayuwa a jikin wani. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya na zubar da dubun dubata, suna iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Ba sa tsirowa sai sun ji sinadarin da saiwar gero ko dawa ke fitarwa, sai su manne su riƙa tsotsar ruwa da sukari. Kafin ka ga furensa a sama ya riga ya yi makonni yana ɓarna a ƙasa. A cire shi kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gonar a ƙona. Juya shuka da gyaɗa ko riɗi na taimakawa, domin suna sa irin ya tsiro amma ba ya iya kama su, sai ya mutu. Kuma ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji.

Mai kiwon kifi, Gidimuni:

Gaisuwa ga manya. Ƙanena, ka ƙara tafki a misalanka, a can masu haɗa abincin ba a ganinsu ɗaya-ɗaya. Gansakuka ce ƴar mitsitsiya da ke yawo a ruwa, ita ke sa shi kore. Ƙananan halittun ruwa su ci ta, karfasa ta ci su duka biyun, tarwaɗa ta ci ƴaƴan karfasa da duk abin da ta samu, tsuntsu ko masunci ya ci tarwaɗa.

A kududdufin kiwo ana zuba taki ne don gansakukar, ba don kifi ya ci ba. Ma'aunin hannu ne: ka tsoma hannu har gwiwar hannu, in tafin ya ɓace a wajen santimita 25 zuwa 30, daidai ne. In ya ɓace tun a wuyan hannu, kore ya yi yawa, a dakatar da taki a ƙara sabon ruwa. Dalili: da rana gansakuka na fitar da oksijin, da dare ta daina, amma ita da kifi da bakteriyar laka duk suna ci gaba da shaƙa. Ruwan zafi ma ba ya riƙe iska da yawa, kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, ya sauka zuwa 7.5 a digiri 30. Shi ya sa mutuwar kifi ke zuwa da asuba, musamman bayan yini mai hadari ko ƙura. Alamar ita ce karfasa ta taso sama tana haɗiyar iska kafin fitowar rana. A hana abinci ranar, a motsa ruwan ko a zuba sabo. Tarwaɗa ta fi jurewa domin tana iya shaƙar iskar sama. Kainuwa in ta rufe fuskar ruwa tana tare haske, gansakukar ƙasa ta mutu, sakamakon ɗaya ne.

Ɗalibi, unguwar Birni:

Allah ya saka da alheri, iyayena, yanzu ya zauna. Saura biyu: akwai mai rai da ba ya dogara da rana ko kaɗan? Kuma akwai gwajin da za mu iya yi a aji ba tare da kayan ɗakin bincike ba?

Malamin kimiyya, Sabon Gari:

Akwai. Wasu bakteriya na samun makamashi daga sinadarai maimakon haske, su haɗa abincinsu da iskar kabon. Winogradsky ɗan Rasha ne ya gano su a ƙarshen ƙarni na 19. Wasunsu na cikin gonar Malama, su ke juya azot ɗin fitsari da na takin yuriya zuwa siffar da gero ya fi sha. A 1977 kuma an gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku kusa da tsibiran Galapagos, zurfin kusan mita 2,500, inda haske ba ya kaiwa, da dabbobi masu yawa da ke rayuwa a kan irin wannan bakteriya. Sai dai galibinsu suna amfani da oksijin da ke cikin ruwan, wanda asalinsa daga masu kama haske yake, don haka ka yi hattara da cewa “ko kaɗan” a takardar jarrabawa.

Gwaji na farko, na sitati. Ka shuka wake a gwangwani. In ya yi ganye sosai, ka sa shi a duhu awa 48 don ya cinye sitatin da ya tara. Ka rufe rabin ganye ɗaya sama da ƙasa da baƙar takarda mai kauri, ka fitar da shi rana awa 4 zuwa 6. Ka tsinke ganyen, ka tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya. Ka kashe wutar tukuna, sannan ka sa ganyen a ƴar kwalba mai alkol na kantin magani, ka tsayar da kwalbar a cikin ruwan zafin kamar minti 10 har ganyen ya yi fari. Alkol na kama wuta nan take, kada ya kusanci murhu mai ci. Ka ɗauraye da ruwan ɗumi, ka ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi-shuɗi, alamar akwai sitati, inda aka rufe zai tsaya ruwan ƙasa. In duk ganyen ya yi baƙi, duhun bai isa ba ko haske ya shiga ta gefen takardar. In babu inda ya canza, ko ba a cire koren sosai ba, ko an yi da ganyen albasa, wanda ba ya tara sitati.

Na biyu, na numfashi. Ka jiƙa wake cikin hannu biyu ya kwana, ka tsane shi, ka zuba a kwalba mai faɗin baki ka rufe gam. A wata kwalbar ka zuba busasshen wake daidai wannan, ka rufe. Bayan kwana 2 ka buɗe a hankali ka zura ashana mai ci: a ta jiƙaƙƙen za ta mutu nan take, domin waken da ke tsirowa ya shanye oksijin ya cika wurin da iskar kabon, a ta busasshen za ta ci gaba da ci. A kan wannan ka'idar buhun PICS na ajiyar wake ke aiki, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje: ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da kansu su mutu ba tare da magani ba. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, waken ya bushe sosai kafin a zuba, kuma a ɗora buhun a kan katako nesa da bango, domin huda ɗaya ta ɓera ta isa ta mai da iska ciki ƙwarin su farfaɗo.